Sifanar da Na Ɗaga a Guangzhou

Ɗan ƙanwata mai fataucin wayoyi ya dawo daga China makon jiya, ya biyo ta gareji ya gaishe ni. Ya buɗe wayarsa yana nuna mini hotuna, wai ga titin Huanshi Lu na Guangzhou nan, unguwar da na taɓa zama. Na sa tabarau na duba, na sake dubawa, ban ga ko lungu ɗaya da na sani ba, sai benaye na gilashi da titi tas kamar an wanke da sabulu. Na tambaye shi ko har yanzu jirage na wucewa ta saman rufin mutane kamar za su kwashi shanya. Ya yi dariya ya ce, “Kawu, ai filin jirgin da ka sani an daɗe da rufe shi. Na yanzu yana can bayan gari, ko ƙararsa ba ka ji.” Na miƙa masa wayarsa. Bayan tafiyarsa rediyon da ke kan bencina ta kama labaran rana, ana maganar Sudan, wai za a ƙara wa wasu takunkumi, wai kuma za a sake zaman sulhu. Sai na ji aikin ya fita daga raina. Na goge hannu na zauna a kan tsohuwar taya, harshena yana lalubar gurbin haƙoran nan biyu da na baro a can.

Sa'ad da na je garin ban cika shekara talatin ba, kuma ban taɓa wuce Kaduna ba. Ni bakanike ne na injin ban ruwa. Maigidana manoman rani na wajen Kura da Kadawa yake sayar wa, ya gaji da a aiko masa da injinan da ba sa kai girbin tumatir ɗaya, sai ya ce in je in riƙa buɗe cikin kowane inji da hannuna kafin a rufe kwali. A lokacin baƙin mutum abin kallo ne a Guangzhou. Tsofaffin mata sukan shafa damtsena su duba tafin hannunsu. Yanzu an ce akwai benen da tun daga ƙasa har sama Hausa ake yi, akwai tuwo da miyar kuka, akwai mai aski ɗan Kumasi. Mu a namu zamanin in ka hango baƙar fata a tsallaken titi sai ka ratsa motoci ka je ka yi masa sallama, ko da bai san amsarta ba. Ba a daɗe da mayar wa China da Hong Kong ba, jajayen ƙyallayen murna suna nan rataye a kan gadoji, ruwan sama ya koɗar da su. Abin da ya fi zama a kunnena ƙara ce. Ƙararrawar kekuna da sassafe, saran wuƙar mahauta a kan gungume, kwaramniyar 'ya'yan cacar da tsofaffi ke yi a bakin ƙofa, sai kuma jirgi ya taso daga filin jirgin Baiyun ya shafe su duka, tagogi su yi ta kakkarwa, mai magana ya tsaya da baki buɗe har ya wuce.

Wani ɗan Maraɗi da na haɗu da shi a masallaci ranar Juma'a shi ya kai ni inda zan zauna, ɗaki a hawa na biyar cikin wani lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Mutum biyu na tarar a ciki, dukansu 'yan Sudan. Na farko dattijo ne mai farin gemu, da ya buɗe baki sai na ji Hausa irin ta kakanni, cakuɗe da Larabci. Kakansa ya bar ƙasar Hausa a ƙafa za shi Makka, ya tsaya noma a bakin kogin Nilu, bai ƙarasa ba kuma bai dawo ba. Tun ranar na ce masa Baffa, shi kuma ya ce mini ɗana. Na biyun mutumin kudancin ƙasar ne, Kirista, baƙi wuluk, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, da tsaga a jere a goshinsa. Dogo muke ce masa. Ya yi karatun injiniya a wata jami'a a unguwar Tianhe, ya gama bai koma ba don babu gidan komawa. Sinanci a bakinsa kamar a nan aka haife shi, da shi yake cin abinci, yana yi wa fatake tafinta. Hausarsa kaɗan ce, ta masunta, ya tsince ta yana ƙarami wajen Hausawan da ke kamun kifi a kogin garinsu. Da ita da Turancina na gareji muke fahimtar juna. Shi kuwa Kano yake kirana.

Aikin ɗaki a rabe yake. Ni ke zuwa kasuwa in yanka kaza da hannuna, mai kajin tana kallona tana dariya, don ba ma cin yankansu. Ni ke ɗauko ruwa a bokiti daga hawa na biyu ranar da famfo ya kasa hawowa. Dogo ke hura wuta da gawayin China mai huji-huji, shi ke cacar baki da mai gidan. Baffa ke tuƙa asida, wato tuwonsu na can, da muciyar da ya fere daga ƙotar tsintsiya. Kwano ɗaya muke ci. Wanki ba ya bushewa a garin, iskar kanta a jiƙe take, ka shanya riga kwana biyu ka sa ta da sanyi-sanyi tana warin rima. In mun tashi salla Dogo yakan naɗe dogayen ƙafafunsa a kan gado don mu sami wurin sujada. Ranar Lahadi kuwa Baffa ke goge masa farar rigarsa, yana cewa ba za a ce ɗan ɗakinsa ya je gaban Ubangiji a yamutse ba. Fataken yanzu kowa da ɗakinsa a otal, abinci ma ta waya ake kira a kawo masa har ƙofa, mutum ya yi wata guda bai san sunan na kusa da shi ba.

Garin ba na wasa ba ne a wancan lokaci. Makona na biyu muna wucewa ta gaban tashar jirgin ƙasa ni da Dogo da rana tsaka, wasu biyu a kan babur suka fizgi jakar wata mata. Igiyar jakar ta naɗe a hannunta, suka ja ta a kan kwalta fuskarta na gurzar ƙasa, har babur ɗin ya ci karo da amalanke ya kife. Ɗaya ya tsere. Ɗayan kuwa, mutane suka rufe shi da bulo da kujerun ƙarfe da sandunan 'yan dako. Na ji ƙashi ya karye kamar an taka busasshen kara. Na tsaya ina kallo. Dogo ko waiwaye bai yi ba, ya kamo wuyan rigata ya ja ni. Da muka yi nisa na ce, “Kai ba ka da tausayi ne?” Ya ce, “Wannan sata ya yi. Ni na ga an yi wa waɗanda ba su yi komai ba.” Muka zauna a wani shagon shayi ya ba ni labari, ba tare da ya ɗaga murya ba. Jirgin da ke zuwa garinsu ba ma na yaƙi ba ne, na kaya ne. Sai ya yi ta kewaya sama a hankali, a buɗe ƙofar baya a mirgino ganguna cike da albarushi da guntayen ƙarfe. Ranar kasuwa aka mirgino wadda ta sami rumfar busasshen kifi. Da warwaron hannu ya gane mahaifiyarsa. Daga nan ya juya mini baya ya ɗaga rigarsa, na ga tabon bulalar waya a jere, tsarabar wata uku da ya yi a tsare a babban birninsu yana ɗalibi. Ranar na gane abin da ya sa in jirgi ya taso muna cin abinci yake daina tauna har sai ya wuce.

Baffa ma yaƙin bai bar shi ba. Ɗansa namiji ɗaya ne, ya gama sakandare ke nan sojoji suka tare motar haya suka sauke samari, aka yi musu aski aka ba su bindiga aka tura su kudu. Saboda haka in aka kunna rediyo bayan la'asar ɗakin sai ya ɗauki zafi. Amurka ta sa wa ƙasarsu takunkumi, ba ta sayar musu ba ta saya daga gare su, kuma Dogo murna yake yi. Ammu yake ce wa Baffa, wato baffa da Larabci. “A ƙara matsa musu, Ammu. In jirgin nan ya rasa kusa ɗaya ya kasa tashi, ƙauye guda ya yini lafiya.” Baffa yakan girgiza kai ya ce, “Ɗan ɗan'uwana, ni na shiga gidajen manya, ba a rage musu ko cokalin sukari ba. Jirgi zai sami kusarsa ta ɓarauniyar hanya. Asibiti ne ba zai samu ba.” Dogo ya ce tun da haka ne a raba ƙasar kowa ya kama gabansa. Baffa ya ce, “Kogi ɗaya muke sha. Ta ina za ka yanka ruwa?” Dogo ya ce, “Kogin daga wajenmu yake gangaro muku. Shekara nawa yana kawo muku gawarwakinmu, kuna sha ba ku ji ɗanɗanon komai ba?” Sai Baffa ya ɗauki tasbaha. Gobe kuma a sake. Ni ina gefe ina jin su. Mu ma a lokacin soja ke mulki a gida, duniya tana juya mana baya, amma ban ɗauki yaƙin kowa nawa ba. Sai dai zuciyata tana wajen Baffa, don harshenmu ɗaya alƙiblarmu ɗaya, kuma tun da mahaifina ya rasu ba wanda ya ƙara ce mini ɗana.

Abin da ya kawo Baffa China yana ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin tsohon rawani. Farfela ce, wato fankar tagullar da ke juyawa cikin babban famfo tana tura ruwa, ta tsage gida biyu. Famfon na garinsu ne, wani gari a bakin kogi daidai inda arewa ta ƙare kudu ta fara, kuma yawancin masu bukkoki a bayan garin 'yan gudun hijira ne daga kudu. Injin ƙirar Amurka ne, tun da aka sa takunkumi ba mai sayar musu da kayansa. Famfo ya tsaya, mutane suka koma shan kogi, amai da gudawa suka shiga unguwanni. Baffa ya ce akwai ranar da ya yi ta sallar gawa tun hantsi har azahar, yawancinsu a hannu ake ɗauko su don ba su kai a ɗora su a makara ba. Dattawan gari suka ɗora masa neman farfela ko a ina take. Mun zaga kasuwannin ƙarfe har takalmana suka cinye, ko'ina amsa ɗaya, meyo, meyo, wato babu. Daga ƙarshe Dogo ya gano wani gidan zubi a bayan gari wajen Baiyun, lawban ɗin, wato mai wurin, ya ce zai zuba sabuwa in aka ba shi awo na gaskiya. Na yi kwana uku ina auna kowane fiffike, Dogo yana zanawa a takarda. A kan wannan bai taɓa gardama ba. Ya ce 'yan'uwansa ne ke shan ruwan.

Ana saura kwana biyu a yi zubi, da hantsi, mai shagon tarho da ke bakin lungu ta ƙwala kira daga ƙasa ana neman tsoho. Na raka shi. Ya ɗauki kan tarho ya ce na'am, ya sake cewa na'am, sai ya yi salati ya zame ya zauna a ƙasa. Motar da ɗansa ke ciki ta taka nakiya, waɗanda suka fito da rai 'yan tawaye suka ƙarasa su a bakin hanya. Babu gawa, babu kabari. Muka yi zaman makoki a ɗakin, ɗan Maraɗin nan ya zo da wasu fatake biyu 'yan Ghana, aka yi addu'a. Dogo ya durƙusa gaban Baffa ya riƙe hannunsa da hannu biyu, daga nan ya koma bakin murhu yana dafa wa baƙi shayi. Baffa bai yi kuka ba. Ni na yi masa, kuma duk sa'ad da na ɗaga ido na ga tsagar goshin Dogo sai in ji haushinsa ya kama ni. Rana ta uku Baffa ya miƙe ya ce a tafi gidan zubi, masu rai suna jiran ruwa.

Gidan zubin rumfar kwano ce, zafi kamar cikin tanderu, ƙasa duk baƙin yashi da guntayen ƙarfe. An riga an zuba farfelar ta huce, ina kan benci ina gwada ta da babbar sifana a hannuna, irin wadda tsawonta ya kai kamu ɗaya. Baffa ya fita bakin famfo yin alwalar azahar. Ni na fara, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce wa Dogo, “'Yan'uwanka sun kyauta. Yaron da ko gemu bai fara ba, ya fito daga wuta su yanka shi.” Dogo bai ɗago daga takardarsa ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Sai ya ajiye fensir ya ce a hankali, “Na yi baƙin ciki saboda Ammu, Allah ya sani. Amma Kano, me ya kai shi garinmu da bindiga? Rake ya je sha?” Akwai wata kalma da na ji wasu 'yan ƙasarsu suna kiran mutanen kudu da ita a bayan ido. Na dube shi na ce masa bawa.

Ban ga tasowarsa ba. Na dai ji bakina ya fashe, na tsinci kaina kwance cikin yashi ina tofar da haƙora. Na miƙe da sifanar a hannu na kai masa sara. Ya tare da hannun dama, na ji yatsun sun ruguje a ƙarƙashin ƙarfen, amma ko ƙara bai yi ba. Ya shaƙe ni da hagu ya ɗaga ni sama ya maka da bangon kwano, ya sake makawa, rumfar duka tana amsawa. Ma'aikata suna ihu da yarensu, ba wanda ya matso. Idona ya fara rufewa, na kai masa gwiwa a mara ya sake ni. Na ja baya taki ɗaya, jini na zuba a ƙirjina, na riƙe sifanar da hannu biyu na ɗaga ta har bayan kafaɗa. Goshinsa na nufa, kuma kashe shi na yi niyya, wannan ma ba zan ɓoye ba. Na sako ta da dukan ƙarfina. Farar jallabiya ta gifta tsakaninmu. Baffa ne, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba, ya buɗe hannuwa zai raba. Ƙarfen ya same shi a saman idon hagu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa ƙwarya. Ya durƙusa, ya kife, baƙin yashin ya yi ta shanye jinin.

Dogo ne ya yage rigarsa da haƙori ya danne raunin, ya saɓi tsohon a kafaɗa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana lilo, yana yi wa lawban tsawa da Sinanci a fito da motar kaya. A bayan motar kan Baffa yana cinyarsa, ni ina riƙe da ƙafafu, ba wanda ya kalli wani. A asibiti aka shiga da Baffa, aka kira 'yan sanda. Dogo ya tsaya gabansu jini har gwiwa ya ce haɗari ne, mu uku muna ɗaga farfela ta kuɓuce, shi ya tare da hannu, ta sami tsoho, ni kuma na faɗa kan benci. Lawban ya yi ta gyaɗa kai don ba ya son shari'a a rumfarsa. Suka rubuta suka tafi. Na bi Dogo har baranda, da kumburarren baki na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ba don kai na yi ba. In suka kama ka za su riƙe farfelar a matsayin shaida, yara su ci gaba da mutuwa.” Ya dube ni daga sama har ƙasa. “Kai ba a kashe maka kowa ba. Ko sunan garinmu ba ka iya faɗa ba. Ka zo daga nesa za ka yi hukunci, to ga wanda ka samu can a kwance.” Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi mini. Ya kwashe kayansa ya koma wajen abokansa a Tianhe, sai ya tabbata na tafi duba injina yake zuwa gaida Baffa.

Idon bai tashi ba. Likitoci suka cire shi, suka ɗinke wurin. Mako uku ina dama masa kunu ina kai masa, ina wanke masa kaya, ina riƙe masa buta. Bai taɓa tayar da maganar ba, sai tambaya yake ko na ci abinci, ko an sa wa farfelar mai kada ta yi tsatsa. Wata rana bayan azahar na kasa daurewa, na kifa kaina a bakin gadonsa ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya bar ni sai da na gaji. Sa'an nan ya ɗora hannu a kaina ya ce, “Ɗana, ina bakin ƙofa, na ji abin da ka ce masa. Idon nawa ne, na yafe maka shi duniya da lahira. Kalmar kuwa ba ni ka faɗa wa ba, ba ni da ikon yafe ta.” Ya ƙara da cewa, “Da irinta aka fara yaƙin da ya cinye mini yaro. Ba da bindiga aka fara ba.”

Ranar tafiyarsa muka haɗu a filin jirgi na Baiyun, Baffa da bandeji a rabin fuska, farfela biyu cikin akwatin katako, don lawban ya zuba ta biyu kyauta. Dogo ya zo hannunsa cikin filasta har gwiwar hannu. Baffa ya rungume shi, kansa bai wuce ƙirjin Dogo ba, ya ce, “In an yi sulhu ka zo gidana.” Dogo ya ce, “Ammu, in an yi sulhun da nake so, sai da fasfo zan zo gidanka.” Baffa ya ce, “To ka nemi fasfon. Ni dai tabarma tana nan.” Dogo ya yi murmushi, ya sumbaci kan tsohon, ya wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin. Ban ƙara ganinsa ba. Bayan wata biyu na gama aikin maigidana na dawo Kano.

Na yi aure, na buɗe garejina, gashi ya yi fari. A rediyo na ji an sa hannu a sulhu, a rediyo na ji an yi ƙuri'a an raba ƙasar biyu, a rediyo kuma na ji sabuwar ƙasar kudu ta kama da nata yaƙin. Duk shekarun nan ban nemi Baffa ba, kunya ta hana ni. Sai da wani Bahaushen Sudan ya kawo mini gyaran inji, hira ta kai mu garinsu, ya samo mini lambar gidan. 'Yarsa ce ta ɗauka. Ta ce Baba ya rasu damina biyu da suka wuce. Ta ce famfon ya tashi, da ruwansa ta yi wankan jegon 'ya'yanta. Na tambaye ta ko wani dogon mutum ya taɓa zuwa. Ta ce ya zo sau ɗaya bayan sulhu, ya kwana uku a zaure. Yatsunsa na dama a shanye suke, da hagu yake cin abinci, maƙwabta suka fara gunaguni, Baba ya ce wanda bai iya gani ba ya je ya ci a gidansa. Bayan an raba ƙasa aka rufe iyaka, bai sake samun zuwa ba.

Daga nan ta ce, “Kai ne bakaniken Kano? Baba yana yawan ambaton ka. Ya ce ku uku kuna ɗaga ƙarfe ya kuɓuce muku.” Na ce, “Bai kuɓuce ba. Ni na buge shi.” Sai kukan jaki da hayaniyar yara nake ji ta cikin wayar. Can ta ce, “Baba ya faɗa mana yadda aka yi, kuma Baba ba ya ƙarya. Layin nan ba shi da kyau, Kawu, ban ji abin da ka ce ba. Yaya iyali?” Na ce lafiya lau. Na tambaye ta inda Dogo yake. Ta ce da yakan kira duk salla ya gaishe da mahaifiyarsu, amma tun da yaƙi ya ɓarke a kudu lambarsa ta daina shiga, ba wanda ya san ko yana raye. Na ce in Allah ya sa ya kira, ta ce masa Kano yana nemansa, akwai maganar da zai janye. Ta ce to, ta rubuta lambata. Shekaru ke nan ban sauya layin ba, kuma in baƙuwar lamba ta shigo, ko hannuna na cikin baƙin mai sai na ɗauka.